A Gonar Wa Za a Yi Yaƙin?

A makon farko na watan Agustan 2023 gaisuwar rasuwa ta kai ni Riko, cikin ƙaramar hukumar Jibiya. Damina ta yi nisa, gero ya fara fid da kai, kuma duk inda mutum biyu suka haɗu zancen ɗaya ne: wa'adin kwana bakwai da ƙungiyar ECOWAS ta ɗibar wa sojojin Nijar ranar 30 ga Yuli, na su maido da Mohamed Bazoum kan kujerarsa ko a yi amfani da ƙarfi, ya kusa cika. An garƙame ƙofar Magama, manyan motoci sun yi jerin gwano da kaya a kansu, Najeriya ta yanke wa Nijar lantarki. A wurin zaman makoki, dangin mamaci da ke ƙetare ba su samu bin titi ba. Waɗanda suka iso ta cikin gonaki suka ratso bisa babura, ƙafar wandonsu duk laka. Da aka shafa fatiha, wani dattijo, wan marigayin, ya rage muryar rediyon da ke kan cinyarsa ya dube ni.

"Malam, kai da kake jin yarensu," in ji shi, "wannan yaƙi da suka ce za a yi don a samu zaman lafiya, a gonar wa za a yi shi?"

Na ce, "Baba, in Allah Ya yarda ba za a kai can ba."

Ya nuna arewa da haɓa. "Ɗiyata na can da 'ya'yanta biyar. Ɗan ƙanena kuwa soja ne a nan. In aka ce a harba, wa zai harbi wa?"

Allah Ya kiyaye, ba a yi yaƙin ba. Amma tambayar ta bi ni har gida, domin maganar a yi yaƙi saboda zaman lafiya tsohuwar baƙuwa ce a wannan yanki, kuma layin da ya shiga tsakanin dattijon da ɗiyarsa ita ta haife shi.

Mutane da yawa sun ɗauka iyakar Jibiya sakamakon yaƙi ce. A takarda kuwa sakamakon sulhu ce, sai dai sulhun Ingila da Faransa. A 1890 ƙasashen biyu suka ja layi daga Say a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin tafkin Chadi, har Firaministan Ingila na lokacin, Lord Salisbury, ya amsa da bakinsa cewa suna ta ba juna duwatsu da koguna alhali ba su san inda suke ba. A watan Yunin 1898, bayan sojojinsu sun kusa gwabzawa a ƙasar Bargu, suka sake zama. A wannan karon aka kafa tsinken kamfas a kan Sakkwato aka zana baka mai nisan mil 100, kuma bisa wannan zane Ƙonni da Tsibiri da Maraɗi duk a rabon Ingila suka faɗo. Faransawa suka ga hanyar da aka bar musu daga Kwara zuwa Damagaram babu rijiyoyi, suka yi ta ƙorafi. Ranar 8 ga Afrilun 1904 aka ƙulla babbar yarjejeniyar abota tsakanin Landan da Faris, wadda har gobe ake koya wa yaran Turai a matsayin ranar da tsofaffin abokan gaba suka ajiye takobi. A cikinta Faransa ta saki hannu daga Masar, Ingila ta saki hannu daga Maroko. Faransa ta kuma haƙura da wani tsohon haƙƙi da masuntanta ke da shi na shanya kifi a gaɓar tsibirin Niyufanland, can kusa da Kanada, kuma daga cikin diyyar da aka biya ta har da turo iyakar nan kudu. Haka Maraɗi ta koma Faranshi. Daga 1906 zuwa 1908 Kyaftin Tilho da Manjo O'Shee suka bi daji suna kafa alamu fiye da ɗari, irin turakun da mutanen iyaka ke kira tangaraho.

Ina son mai karatu ya ɗan dakata a nan. Takardar da ta hana Bature zubar da jinin Bature ita ce ta sa garin kakannin wani cikin sikeli ɗaya da wurin shanyar kifi. Ba a tambayi Sarkin Katsina ba, ba a tambayi Sarkin Katsinar Maraɗi ba, ballantana manomin Riko.

Da a ce miyagu ne kawai suka yi wannan aiki, da maganar ta yi sauƙi. Abin da ke ci mini rai shi ne, ƙasashen da suka yi shi su ne cibiyar aƙidar da ake kira ta sassaucin ra'ayi, wadda ta ce ɗan'adam yana da 'yancin da ba sarki ya ba shi ba, ba a mulkin mutane sai da yardarsu, doka na sama da mai mulki, kuma ciniki ya fi yaƙi alheri. Ni ba maƙiyin waɗannan ba ne. Da su nake tinƙaho duk ranar da na rubuta abin da bai yi wa mai mulki daɗi ba na kwana a gidana. Shi ya sa ya zama wajibi a tambaya: ta yaya mutanen da suka yi imani da haka suka iso ƙofar Kano da igwa?

Amsar tana cikin rubutun manyan malamansu, ba a ɓoye take ba. John Locke, wanda ake ɗauka uban aƙidar, yana da hannun jari a kamfanin Ingila mai fataucin bayi daga gaɓar Afirka, kuma ya yi aiki a kan tsarin mulkin Karolina na 1669 da ya ba ubangiji cikakken iko a kan bawansa. Alexis de Tocqueville, Bafaranshen da ya yi suna da yabon dimokuraɗiyyar Amurka, ya ziyarci Aljeriya a 1841 ya dawo ya rubuta cewa ƙona amfanin gona da kwashe rumbuna da kama mata da yara larura ce da babu makawa ga mai son yaƙar Larabawa. Amma wanda ya fi tsara maganar shi ne John Stuart Mill. Shekara 35 ya yi yana aiki a kamfanin da ke mulkin Indiya. A 1859 ya fitar da shahararren littafinsa a kan 'yanci, kuma tun a shafukan farko ya keɓe waɗanda maganar ba ta shafa ba: yara, da al'ummomin da ya ce har yanzu suna ƙuruciya. Su waɗannan, a ganinsa, mulkin kama-karya halal ne a kansu muddin niyyar ita ce gyara su. A wannan shekarar kuma ya rubuta wata maƙala yana cewa ƙa'idojin da ke hana ƙasa taka ƙasa tsakanin masu wayewa suke aiki, ba su hau kan mai wayewa ba idan yana mu'amala da wanda ya kira bagidaje.

To, ka ga inda gizo ke saƙar. An raba duniya gida biyu. A gida na farko, in soja ya tsallaka iyaka sunan abin yaƙi, akwai dokokinsa, akwai majalisar da za ta yi muhawara, akwai yarjejeniyar da za ta rufe shi. A gida na biyu, in soja ya tsallaka sunan abin kwantar da tarzoma, ko ladabtarwa, ko buɗe hanyar ciniki. Wanda ya tare shi da baka da kibiya a bakin ganuwar garinsu ba a lissafa shi mayaƙi, ɗan tawaye ne tun kafin a mulke shi. Wanzami ba ya son jarfa: abin da in aka yi wa Beljiyam za a kira shi zalunci, in aka yi wa Ƙonni sai a kira shi shigo da wayewa.

Shekarar 1899 ta ishe mu misali. Ranar 18 ga Mayu aka buɗe babban taron zaman lafiya na farko a birnin Heg na ƙasar Holan, inda ƙasashe suka zauna rage muggan halayen yaƙi. A cikin watan nan ɗaya rundunar Kyaftin Voulet da Chanoine ta faɗa wa Birnin Ƙonni ta yi kisan da har yau ba a manta ba, bayan ta gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu. Daga nan ta yo gabas tana ƙona garuruwa tana cika rijiyoyi da gawa. A can zauren Heg kuwa, da aka zo kan harsashin dumdum mai fashewa cikin tsoka, wakilin Ingila ya tashi ya kare shi da hujjar cewa harsashi na yau da kullum ba ya tsayar da mutanen da suke yaƙa a ƙasashen mallaka. Gaskiya ne Faris ta turo Kanar Klobb ya karɓe rundunar, kuma Voulet ya sa aka harbe shi a Ɗankori, cikin ƙasar Tasawa, ranar 14 ga Yuli, ranar da Faransa ke bikin juyin da ya shelanta haƙƙin ɗan'adam. Kwanaki kaɗan bayan nan sojojinsu suka kashe Voulet da Chanoine. Amma ragowar rundunar ta wuce ta ci Zinder kafin watan ya ƙare. Aka ce zafin rana ne ya taɓa ƙwaƙwalwar hafsoshin biyu, aka rufe bincike, ƙasar da suka ci kuwa aka riƙe ta.

A ɓangarenmu, rundunar da Gwamna Lugga ya yi amfani da ita an kafa ta ne a 1897 don ta tare Faransawa a Bargu. Ba ta yaƙe su ba. Da aka sasanta, sai bakin bindigar ya juyo kan Kwantagora da Yola da Bauchi, sannan Kano ranar 3 ga Fabrairun 1903, Sakkwato ranar 15 ga Maris, Katsina ta miƙa wuya ba a yi faɗa ba, aka ƙarasa da Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi cikin Yuli. Daga cikin dalilan da aka bayar na gaggauta cin Kano har da tsaron jami'an da ke auna iyakar nan tamu. A Sakkwato Lugga ya faɗa wa manyan gari ƙarara cewa Fulani da takobi suka samu mulki, yanzu an ci su, don haka ƙasa da haraji da naɗin sarauta sun koma hannun Ingila. Wannan hujja ce da babu ɗan majalisar Landan da zai yarda a kafa ta a kan gonarsa.

Akwai wani abu a nan da ban cika jin ana faɗa ba, kuma a ganina shi ne ƙashin bayan al'amarin. Immanuel Kant, Bajamushen da ya rubuta ɗan littafi a kan dawwamammen zaman lafiya a 1795, ya kafa hujja mai kyau: idan waɗanda za su biya kuɗin yaƙi, su ba da 'ya'yansu, su gyara ɓarnarsa, su ne ake neman yardarsu kafin a fara, to za su yi dogon tunani. A cikin littafin nan kuma ya yi tir da yadda Turawa ke shiga ƙasashen mutane kamar ba su da masu su. Hujjarsa ta tsaya ne a kan sharaɗi ɗaya, wato mai yanke shawara ya zama shi ne mai ɗanɗana kuɗar. Yaƙin mallaka ya raba waɗannan biyun. Rundunar da ta ci Kano, Turawan cikinta ba su kai hamsin ba. Saura ɗaruruwan sojojin baƙar fata ne, da yawansu Hausawa, ga bindiga mai ruwa tana yi musu aikin dubu. Mai jefa ƙuri'a a Manchesta bai rasa ɗa ba, gidansa bai ƙone ba, harajinsa bai motsa ba sosai. Wanda gidansa ya ƙone ba shi da ƙuri'a. Don haka ƙasa na iya zama mai 'yanci da son zaman lafiya a cikin gida, tana kuma yaƙi kowace rani a waje, ba tare da jama'arta sun ji wani saɓani a ransu ba.

Satiru ta nuna haka a fili. A Fabrairun 1906 talakawa da bayi da suka gudu suka kashe Razdan da wasu Turawa biyu da sojoji kusa da Sakkwato, da gatura da fartanya. Ɗaya daga cikin jagororinsu, Ɗan Makaho, daga ɓangaren Faransa ya gudo bayan an murƙushe irin wannan bore a can. Ranar 10 ga Maris aka shafe garin, aka kashe mutum wajen 2,000, aka haramta sake zama a wurin. Wa ke mulki a Landan a lokacin? Jam'iyyar masu sassaucin ra'ayi, wadda ta hau 'yan watanni kafin nan. Winston Churchill, ƙaramin ministan ƙasashen mallaka a gwamnatin, ya rubuta a fayil yana nuna ƙyamarsa ga kisan mutanen da kusan ba su da makami. Ƙyamar ta tsaya a fayil. A wata mai bi aka faɗa wa Haɗeja aka kashe sarkinta.

Ba zan zalunce su ba. A cikinsu akwai waɗanda suka tsaya kan gaskiya. Richard Cobden ya yi adawa da yaƙe-yaƙen daula har ya rasa kujerarsa, Clemenceau ya tashi a majalisar Faransa a 1885 ya ƙaryata Jules Ferry kan maganar jinsi na sama da na ƙasa, J. A. Hobson ya fallasa masu cin ribar mallaka a 1902. Shi kansa Mill ya jagoranci neman a gurfanar da gwamnan Jamaika saboda kisan 1865. Sai dai abin da ya dame shi yadda aka yi mulkin ne, bai taɓa shakkar cancantar yin sa ba.

Yanzu ga magana mai nauyi, wadda duk ɗan ƙasar Katsina da ya zauna da tsofaffi ya san ta, kuma wanda ya tsallake ta bai yi adalci ba. Kafin zuwan Nasara wannan yanki ba aljanna ba ne. Tun da jihadi ya ci Katsina a 1807, sarautar Haɓe ta koma arewa ta kafa Maraɗi, kusan shekara ɗari ana kai wa juna hari. An yi yaƙin Gawakuke a 1836. An yi zamanin Ɗan Baskore na Maraɗi, wanda sunansa kaɗai ke sa a rufe ƙofar gari. Dajin da ke tsakanin Ruma da Maraɗi ya zama kufai, mutum ba ya noma nesa da ganuwa, yaro in ya bi awaki ya yi nisa sai a ji shi a kasuwar bayi. Bayan 1903 harin ya tsaya. Mutane suka fito daga bayan ganuwa suka sari daji, ƙauyuka da dama na wannan yanki a lokacin suka kafu ko suka farfaɗo. Aka rufe kasuwannin bayi, aka ce duk wanda aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne, ko da yake sai 1936 aka soke bautar gaba ɗaya. Kakata, Allah Ya jiƙanta, in ta faɗi zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, ba karin magana take yi ba, labarin uwarta take bayarwa. Kuma layin 1906, a wannan ɓangare, ya ɗan bi sawun tsohuwar gabar da ke tsakanin Katsina da Maraɗi. Laifi tudu ne.

Na yarda da duk wannan, amma bai wanke hujjar Mill ba. Mu ma mun san yaƙin gyara, mun kuma san muhawara a kansa. Lokacin da jihadi ya taɓa Barno, Shehu Muhammad al-Amin al-Kanemi ya rubuto yana tambayar da wace hujja ake yaƙar mutanen da ke salla da azumi. Muhammadu Bello ya amsa, aka yi ta musayar wasiƙu, har Bello ya adana su cikin littafinsa. Ko wane ɓangare mutum ya bi, abu ɗaya a fili yake: wanda ake yaƙa yana cikin zauren muhawara, ana jin hujjarsa, ana jin wajibcin ba shi amsa da harshen shari'ar da ta hau kan kowa. A tsarin Mill wanda za a gyara ba ya cikin zauren. Yaro ne, ba a shawara da shi, kuma wanda ke cin harajinsa shi ne zai faɗi ranar da ya balaga. Wane uban riƙo ne zai yi gaggawar cewa maraya ya girma alhali dukiyar marayan na hannunsa?

Sannan zaman lafiyar da aka kawo ɗin na wa ne? Tsofaffin iyaka suna kiran na Faransa mulkin zafi, na Ingila mulkin sauƙi, kuma da ƙafa suka yi wannan hukunci: duk lokacin da haraji da aikin tilas da ɗibar soja suka tsananta a can, sai gidaje su kwashe cikin dare su tsallako. Sai 1946 Faransa ta soke aikin tilas. Da Turawa suka ɓata a tsakaninsu, 'ya'yanmu aka ɗiba zuwa Kamaru da Bama da filayen Turai, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Daga 1940 zuwa 1942, da Nijar ta kasance ƙarƙashin gwamnatin Vichy mai bin Jamus, wannan layi na abota ya koma na abokan gaba dare ɗaya, aka hana fatake wucewa, alhali babu abin da ya haɗa mutumin Jibiya da mutumin Madarunfa. Ranar da Landan da Faris suka shirya mun rabu, ranar da suka ɓata mun sha wuya.

Da mallaka ta fara zama abin kunya, sai tunanin ya sake riga. Yarjejeniyar kafa Majalisar Ƙasashe ta 1919 ta yi maganar al'ummomin da ba su isa tsayawa da ƙafarsu ba tukuna, aka ba manyan ƙasashe amanarsu, kuma Lugga na cikin kwamitin da ke sa ido kan amanar tsawon shekaru. A zamaninmu sunan ya koma kare fararen hula. Ranar 17 ga Maris 2011 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 1973 kan Libiya, kuma Najeriya na cikin waɗanda suka ɗaga hannu. Jiragen NATO suka yi aikinsu daga sama, babu mai ƙuri'a a Faris ko Landan da ya ji ƙarar bam. Rumbunan makaman Gaddafi suka fashe, kayan suka malalo kudu ta Agadas da Mali. Ban ce Libiya ce ta haifi 'yan bindigar dajin Rugu ba, wannan ciwo akwai namu hannu a ciki: gandun kiwo da aka cinye, alƙalan da aka saya, 'yan sa-kai da suka wuce gona da iri. Amma wutar ta samu makamashi, kuma a 2019 dubun-dubatar mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina jihar Maraɗi suka gudu neman mafaka.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda namu suka gaji idon Turawan mallaka. Daga Abuja in aka hango Jibiya, abin da ake gani shi ne kafar da shinkafa ke shigowa, fetur ke fita. A Agustan 2019 aka rufe iyaka ba tare da shawara da kowa a nan ba. A Nuwamba aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, mai injin ban-ruwa da mai injin niƙa da ɗan acaɓa suka koma hannun 'yan bumburutu. Wasu ƙofofin an buɗe su a Disambar 2020, ta Jibiya sai Afrilun 2022. Ba ta yi shekara biyu a buɗe ba aka sake rufe ta, wannan karon da sunan dimokuraɗiyya. Mai sayar da tumatir a Magama bai yi juyin mulki ba. Majinyacin da wuta ta ɗauke masa a asibitin Yamai bai tsare Bazoum ba. Kuma jama'a suna da ido: sun ga ECOWAS ta haɗiye tazarcen Alassane Ouattara da na Alpha Condé a 2020, sun ga shugaban Faransa ya je jana'izar Idriss Déby a 2021 ya zauna kusa da ɗansa da sojoji suka ɗora. Da Faransar nan ta fito tana goyon bayan a shiga Nijar da ƙarfi, tsohon miki ne ya tashi.

Kada kuma wani ya ɗauka ina wanke sojojin Yamai. Sun kori sojojin Faransa a Disambar 2023, na Amurka suka bar Agadas a 2024, jama'a suka yi murna, kuma na fahimci murnar. Amma an shigo da na Rasha, an tsare Bazoum ba shari'a, a Maris 2025 aka rushe jam'iyyu aka ɗiba wa shugabansu Janar Tiani shekara biyar da za a iya ƙarawa. Hujjar ita ce ƙasa na cikin yaƙi, lokacin zaɓe bai yi ba, sai an gyara tukuna. Wannan ai maganar Mill ce da bakin ɗan gida: jama'a ba su balaga ba, mai bindiga ne zai faɗi ranar. Tsugune ba ta ƙare ba.

In aka tambaye ni me ya hana yaƙin 2023, zan ce a karon nan an samu waɗanda za su ɗanɗana kuɗar sun kutsa cikin zauren. Ranar 5 ga Agusta Majalisar Dattawa ta ƙi amincewa da matakin soja, sanatocin jihohin iyaka na kan gaba. Sarkin Musulmi da Janar Abdulsalami suka je Yamai, Khalifa Muhammadu Sanusi ya je, malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau suka je suka zauna da Tiani da Hausa. A masallatan Juma'a daga Illela zuwa Maigatari aka yi ta alƙunutu. Hujjar Kant ce ta yi aiki, a ranar da aka cika mata sharaɗinta. Don haka ni abin da nake nema ga mutanen iyaka bai wuce abin da aƙidar sassaucin ra'ayi ta yi wa nata alkawari ba: kada a rufe ƙofar da abincinsu ke bi sai an kawo maganar gaban wakilansu an faɗi dalili da wa'adi, kada a ɗora wa gari takunkumi saboda laifin barikin soja, kuma duk wanda ya zo da shawarar yaƙi, daga Abuja yake ko daga ƙetaren teku, a fara tambayarsa inda 'ya'yansa za su kwana ranar da aka fara. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Har yanzu ba a kai nan ba. A farkon 2025 mutanen Jibiya, da suka gaji da binne 'yan'uwa da biyan kuɗin fansa, suka zauna sulhu da 'yan bindiga, su kuwa suka zo wurin zaman da makamansu a kafaɗa. Hanyoyi sun buɗe, an koma gonakin da aka bari. Ba ni da bakin zargin wanda ya yi shekaru bai kwana da ido biyu rufe ba. Amma na san irin wannan zaman lafiya, kakannin mutanen nan sun karɓi irinsa a 1903, wanda mai bindiga ke bayarwa kuma yake iya karɓewa.

ECOWAS ta ɗage takunkumi ranar 24 ga Fabrairun 2024, Najeriya ta buɗe nata ɓangaren ranar 13 ga Maris, Nijar ta biyo baya cikin watan, ana tsakiyar azumi. Bayan ƙaramar salla na kira dattijon nan na Riko in yi masa barka da shan ruwa. Ya ce ɗiyar ta zo, ta titi, ta Ɗan Isa da Magama, da autanta a goye wanda bai taɓa gani ba. Na ce ai sai ta daɗe ta huta.

"Ina fa, Malam," in ji shi. "Kwana biyar ta yi. Mijin ya ce kada ta daɗe, ba a san ranar da za su sake rufewa ba."